Hukuncin Makaho da Kurma da Gurgu a Fiƙihun Yahudawa

Hanyar ayarin da ta tashi daga Agadas ta nufi arewa, wadda raƙuman Abzinawa suka daɗe suna takawa da hajoji iri-iri, tana kaiwa har ƙasar Tawat, a kudancin Aljeriya ta yau, inda a garin Tamantit aka yi wata tsohuwar jama'ar Yahudawa, fatake da maƙeran zinariya, masu majami'arsu da malamansu. Daga can ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili, mutumin Tilimsan, ya taso ya biyo ta Abzin, ya zauna a Takadda yana karantarwa, kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, bayan saɓanin da ya auku tsakaninsa da alƙalin Tawat, Abdullahi al-Asnuni, a kan ko ya halatta a bar wa Yahudawan nan ɗakin ibadarsu, saɓanin da ya ƙare da rushe ɗakin wajen shekarar 1492. Wannan labari, da na rigingimun siyasa da rediyo ke kawowa kullum, su ne galibin abin da mutanenmu suka sani game da wannan al'umma; kaɗan ne suka san cewa suna da fiƙihu mai faɗi, da asalai da rassa, da fuƙaha'u waɗanda suka yi ƙarnuka suna jayayya a kan mas'alolin da mu ma suka dame mu. Ɗaya daga cikinsu ita ce matsayin makaho da kurma da gurgu a wajen ibada da mu'amala, ita kuma nake nufin in bayyana wa mai karatu, gama hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, inda duk ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita.

Shari'ar Yahudawa, wadda suke kira Halaka, tushenta Attaura ce, inda malamansu suka ƙirga umurni da hani guda 613. A kan Attaura aka ɗora Mishna, wadda Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara a ƙasar Falasɗinu wajen shekara ta 200 Miladiyya. A kan Mishna kuma aka ɗora Talmud, wanda ya ƙunshi muhawarar makarantun Babila, watau Iraƙi ta yau. Daga baya Musa ɗan Maimuna, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya zauna a Fas, ya rasu a Masar a 1204, ya tsara hukunce-hukuncen babi-babi. Sa'an nan Yusufu Karo ya wallafa Shulhan Aruk, da aka buga a Italiya a 1565, littafin da matsayinsa a wurinsu ya yi kusa da na Muhtasar Halilu a wurin Malikawa. Abin da bai zo cikin waɗannan ba sai a aika wa babban malami tambaya ya ba da fatawa a rubuce, haka kuma ake yi har gobe.

Asalin da suka yi gini a kansa yana cikin littafi na uku na Attaura, sura ta 19, inda aka hana zagin kurma, aka hana ajiye wa makaho abin tuntuɓe a hanya, aka rufe ayar da umurnin jin tsoron Allah. Hikimar wannan rufewa kuwa a bayyane take, domin kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya sa dutsen ba, saboda haka babu mai tsare musu haƙƙi sai Wanda ya san abin da ke cikin zukata. Malamansu suka faɗaɗa ma'anar har suka ce duk wanda ya ba ɗan'uwansa shawarar da ya san za ta cuce shi, ko ya miƙa masa abin da zai yi saɓo da shi, ya faɗa cikin wannan hani, tun da kowane mutum makaho ne a cikin al'amarin da bai sani ba. Suna kuma tunatar da almajiransu cewa Annabi Musa yana da nauyin harshe, Annabi Ishaƙu idanunsa sun dushe da ya tsufa, Annabi Yaƙubu kuwa ya yi ɗingishi, duk da haka babu abin da ya ragu daga darajarsu.

Amma fa a cikin wannan littafi na uku, sura ta 21, akwai hukunci mai nauyi, cewa limamin Haikalin Ƙudus, na zuriyar Annabi Haruna, in yana da makanta ko gurgunta ko karaya ko ƙusumbi, ba ya matsawa wurin miƙa hadaya. Ba a kore shi daga danginsa ba, rabonsa na abinci mai tsarki yana nan, Mishna ma ta ambaci wani ɗaki a farfajiyar Haikali inda irin waɗannan limamai suke zama suna duba itacen hadaya, suna ware wanda tsutsa ta ci. Da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, hadaya ta tsaya, ibada ta koma addu'a da karatu, sai tambayar ta tashi daga kan cikar gaɓoɓi ta koma kan hankali da fahimta, watau wane ne mukallafi.

Nan ne aka sami ƙa'idar mutum uku waɗanda aka sauke wa taklifi: kurma, da mahaukaci, da yaro. Duk wanda ya yi karatun zaure zai tuna hadisin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, mai barci da yaro da mahaukaci, zai kuma lura cewa bambancin yana wajen shigar da kurma. Mishna ta fayyace cewa kurman da ake nufi shi ne wanda ba ya ji, ba ya kuma magana. Wanda yake magana ba ya ji, ko yake ji ba ya magana, Talmud ya ba shi hukuncin mai cikakken hankali. Illar hukuncin, watau dalilinsa, ita ce, a zamanin da ilmi duka yake fita daga bakin malami ya shiga kunnen almajiri, an ɗauka wanda aka haifa kurma ba shi da ƙofar da karatu zai shiga masa. Sun yarda ya yi aure da ishara, ya yi saki da ishara, ya saya ya sayar da kayan da ake iya ɗauka da ishara. Amma ba a ƙirga shi cikin mutum goma da ake bukata kafin a yi addu'ar jam'i, ba a kuma karɓar shaidarsa. Rangwamen da ya sauke masa kaya shi ne kuma ya fitar da shi daga sahu.

Da yake hukunci yana tafiya tare da illarsa, in ta gushe ya gushe, sai al'amari ya fara sauyawa tun lokacin da aka buɗe wa kuramen Yahudawa makaranta a 1844 a garin Nikolsbug, wadda daga baya aka mayar Biyana ta Ostiriya. Babban malamin Firesbug na wancan zamani, Rabbi Ibrahim Sofa, ya ziyarci makarantar, ya ga yaran da ake zaton ba su da hankalin ɗaukar farilla suna karatu suna rubutu suna amsa tambaya, har shakka ta shige shi a kan tsohon hukuncin. Rabbi Hildeshaima na Jamus kuwa ya tafi a kan cewa kurman da aka karantar mukallafi ne kamar kowa. A 2011 majalisar fatawa ta ɗariƙarsu da ake kira Masorti, mai ƙarfi a Amurka, ta zartar cewa maganar hannu harshe ce cikakkiya, kurame kuma daidai suke da masu ji a wajen wajibai da haƙƙoƙi. Masu tsananin riƙo da al'ada har yanzu suna da saɓani a kan wasu rassa, amma mafi yawansu sun daina kallon kurma mai ilmi da idon da aka kalle shi a dā.

Mas'alar makaho ita ce ta fi nuna inda zuciyar al'amarin take. Rabbi Yahuda ɗan Ilai ya tafi a kan cewa an sauke wa makaho farillai, jamhuru suka saɓa masa. Rab Yusufu, shugaban makarantar Fumbadita a bakin kogin Furatu a farkon ƙarni na 4, wanda shi kansa makaho ne, da farko ya yi alkawarin walima ga malamai in aka tabbatar masa da maganar Rabbi Yahuda, domin ga shi yana aikata abin da ba a wajabta masa ba. Amma da ya ji koyarwar Rabbi Hanina, cewa wanda aka umurta ya aikata ya fi lada bisa mai yin ganin dama, sai ya mayar da walimar ga wanda zai tabbatar masa cewa shi ma an ɗora masa wajibi. Malamin nan ya gane cewa taklifi girmamawa ce, ya kuma fi son a ƙirga shi cikin masu ɗaukar kaya da a tausaya masa a ajiye shi gefe. Talmud ya kuma kawo labarin Rabbi Yose, da ya gamu da makaho cikin duhun dare yana tafe da fitila a hannu, ya tambaye shi amfaninta gare shi, makahon ya amsa cewa muddin tana hannunsa mutane za su gan shi, su kauce da shi daga rami da ƙaya. Da wannan aka kafa hujja cewa makaho ma yana yin addu'ar godiya a kan halittar haske. Yusufu Karo ya hana a kira makaho zuwa karatun Attaura a gaban jama'a, don ba a karanta ta da ka, amma Musa Isarlis na ƙasar Folan, wanda ya rasu a 1572, ya rubuta cewa al'ada ta gudana a kan kiransa, tun da akwai makaranci mai biya masa. A wajen shaida kuwa, Ɗan Maimuna bai karɓi ta makaho ba, alhali Malikawa sun karɓe ta a kan abin da ya ji in ya shaida murya. A nan mazhabarmu ta fi sassauci.

Ranar Asabar, wadda aka haramta musu nau'in aiki 39 a cikinta, har da fitar da kaya daga gida zuwa titi da kunna wuta, ita ta fi haifar da tambayoyi. Rabbi Mayir ya halatta wa mai yankakkiyar ƙafa ya fita da ƙafarsa ta katako, Rabbi Yose ya hana. Shulhan Aruk ya yarda gurgun da ba ya iya tafiya sai da sanda ya fita da ita, don ta zama kamar ƙafarsa. Malaman ƙarni na 20 sun halatta sa na'urar ji a kunne in an kunna ta tun kafin faɗuwar ranar Juma'a, wata cibiya kuma mai suna Zomet tana ƙera keken guragu na lantarki ta yadda mai shi zai tafi majami'a ba tare da ya kunna wuta da hannunsa kai tsaye ba. A 1953 Rabbi Musa Fainstain na Niyok ya ba da fatawa cewa makaho yana iya shiga majami'a da karensa ɗan jagora, yana mai hujja da cewa hana shi zai yanke shi daga addu'ar jam'i har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake wasu malamai sun yi masa raddi. Inda rai ke cikin haɗari kuwa babu jayayya: a keta Asabar, majinyaci kuma ya ci abinci ko da ranar babban azuminsu ce. Ta fuskar karatu, an kafa cibiyar rubutun makafi ta Yahudawa a Niyok a 1931, suna kuma yawan ambaton Rabbi Fareda, wanda Talmud ya ce yana maimaita wa wani almajiri mai nauyin fahimta darasi sau 400 ba ya gajiya.

Mu ma ba hannu wofi muke ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa, ladanin Manzon Allah ne, mai tsira da aminci, an kuma sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla. Manyan biranen ƙasar Hausa kuwa sun daɗe da sarautar Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, alamar cewa an san su jama'a ce mai murya. Illa dai mun bar zumuncinmu da su ya tsaya a kan sadakar ranar Juma'a da faɗin "Allah ya ba da haƙuri", har yaro kurma ya girma a cikin gida bai san alwala ba, ana cewa ai Allah ya ɗauke masa, gurgu kuma ya yi fama da yashin lungunan tsohon gari ya iso ƙofar masallaci, dokin ƙofa ya tsayar da kekensa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, amma makarantun da suka fi shahara, ta Soli Abdurahaman ta makafi da ta Hasan Bana Ba ta kurame, suna Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900 daga Agadas, ba kowane uba ke iya kai ɗansa can ba. Saboda haka ina kira ga malamanmu na zaure da na Islamiyya su karɓi makaho da kurma a cikin almajiransu, su nemi wanda ya iya maganar hannu ya fassara huɗuba da wa'azi. Ga masu gina masallatai su bar gangara a bakin ƙofa. Ga iyaye kuma su daina ɓoye ɗan da Allah ya jarrabe su da shi, su kai shi karatu tun yana ƙarami, gama za a tambaye su a kansa kamar yadda za a tambaye su a kan sauran ƴaƴansu. Allah ya sa mu gane, ya ba mu ikon aikatawa.