A Tsayar Wa Kwamfutar Gida Ranar Bincike

A yau da wuya ka shiga gidaje biyar a Briqueterie ko Messa ba ka tarar da kwamfuta a ɗaya daga cikinsu ba. Cikinta akwai lissafin shagon maigida, da hotunan biki da suna, da aikin makarantar yara, wani lokaci har da takardun maƙwabta da aka ba mu ajiya. Mun iya kulle ƙofar gida da dare, amma kaɗan ne daga cikinmu suka ware wa wannan na'ura lokacin da za a bincike ta.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen ya faru ne a gidanmu. Wani ƙanenmu ya kai 'yar ma'ajiyar nan da muke kira kile wani shagon buga takardu domin a fitar masa da aikin makaranta. Da ya dawo ya soka ta a kwamfutar gida, sai duk jakunkunan da ke ciki suka koma gumaka masu 'yar kibiya, abin da masu gyara ke kira virus raccourci. Hankalin kowa ya tashi, don lissafin adashen mahaifiyarmu yana ciki. Daga baya muka gane cewa wannan ƙwayar cuta ɓoye takardu take yi, ba share su ba, kuma duk wanda ya danna gunkin ya buɗe mata ƙofa. Da mun yi gaggawar wanke kilen gaba ɗaya, da mun yi asara da hannunmu.

Cutar kwamfuta ba baƙuwa ba ce. Tun 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wadda ake kira Brain, tana bin faifai daga na'ura zuwa na'ura. A watan Mayu na 2017 kuwa, WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Abin lura shi ne Microsoft ta riga ta fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin bai buƙatar ko sisi. Duk kwamfuta mai Windows 10 ko 11 tana zuwa da Microsoft Defender a cikinta. Akwai kuma na kyauta irin su Avast, AVG da Avira ga mai so, sai dai a ɗauko su daga shafin kamfanin da kansa. A zaɓi ɗaya kawai, domin biyu a na'ura ɗaya karo suke yi, su nauyaya ta. Wanda ya sayo ta hannu, ko daga Avenue Kennedy ko daga kasuwar Mokolo, ya duba ko rigakafin da ke ciki na gwaji ne da wa'adinsa ya ƙare.

Rigakafin yana gadi a kowane lokaci, yana kuma yin gajeren bincike da kansa. Amma kwamfutar da ake kunnawa rabin awa a kashe, ko wadda ke yin makonni ba ta taɓa intanet ba, gadinta na da rauni, don bai san sababbin cututtuka ba. Shi ya sa muke ba da shawarar a tsayar da rana. Mu mun zaɓi Lahadi da hantsi, lokacin da yara ke gida. Da farko a haɗa da intanet a sabunta rigakafin. Sannan a shiga Sécurité Windows, a zaɓi Protection contre les virus et menaces, a danna Analyse rapide, mintoci kaɗan ne. Sau ɗaya a wata a yi Analyse complète, wadda ke iya cin awa ɗaya ko fiye, saboda haka a jona wuta. Mai son na'ura ta riƙa tunawa da kanta, ya buɗe Planificateur de tâches, ya nemo Windows Defender Scheduled Scan, ya sa rana da sa'a a ƙarƙashin Déclencheurs. Tun da mun san halin ɗaukewar wuta a unguwanninmu, a zaɓi umarnin da ke sa a rama binciken idan lokacin ya wuce na'ura tana kashe.

Abubuwa biyu bincike ba ya iya yi. Ba ya dawo da takardun da cutar fansa ta kulle, don haka a riƙa kwafe masu muhimmanci a wata ma'ajiya da ake cirewa a adana a akwati. Ba ya kuma toshe kafar tsohon Windows: an daina gyara Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Mai irin waɗannan ya fara shirin sauyawa.

Muna roƙon iyaye su ɗora wannan aiki a wuyan yaro ɗaya mai hankali, a rubuta ranar a jikin kalanda. A kafa doka kuma: duk kilen da ta je shagon buga takardu ko ta fito daga hannun aboki, a bincike ta kafin a buɗe. Lissafin adashen nan mun same shi cikakke bayan an kashe cutar an bayyana ɓoyayyun jakunkuna, kuma tun daga ranar ba mu tsallake Lahadi ko ɗaya ba. Allah Ya tsare mana amanar da ke hannunmu.