Matashin Kai da Barcin Mai Tsohon Ciki

Idan ciki ya shiga wata na bakwai, barci yakan zama aiki ga mace. Kwanciyar rub da ciki ta riga ta gagara, rigingine tana sa numfashi ya yi nauyi, in kuma ta kwanta ta gefe sai ƙugu ya ɗauki ciwo tun kafin dare ya raba. Ga ƙwannafi, ga fitsarin da ke tayar da ita sau biyu ko uku kafin asuba. Tsofaffi a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar na sauran ƙasar Hausa, sukan ce mata ta yi haƙuri, kowace uwa haka ta sha. A 'yan shekarun nan kuwa, shagunan manyan birane da masu talla ta intanet sun fito da wani dogon matashin kai wanda aka ɗinka musamman domin masu juna biyu. Wani an lanƙwasa shi kamar harafin U, wani kamar harafin C, wani kuma ɗan ƙarami ne mai tudu a gefe guda, tamkar wejin da yaran mota ke sa wa taya a kan gangara. Shin abin nan yana da wani amfani, ko kuwa kayan ƙawa ne na masu hali? Ba za a iya amsawa ba sai an duba abin da ke faruwa a cikin jikin mai ciki idan ta kwanta.

Nauyin da ke kan jijiya

Mahaifar macen da ba ta da ciki ba ta wuce giram 70 ba. Kafin haihuwa takan kai kilo guda ita kaɗai. In aka haɗa da ɗan da ke ciki mai kimanin kilo 3, da mabiyiya mai wajen rabin kilo, da ruwan da ɗan yake iyo a ciki, nauyin ya haura na galan mai cin lita 5 cike da ruwa. A mako na 20 saman mahaifa yakan kai cibiya, a mako na 36 kuwa ya kai ƙarƙashin ƙashin ƙirji.

A bayan mahaifar, jikin ƙashin baya, akwai manyan jijiyoyin jini guda biyu kwance kusa da juna. Ta wajen hagu ita ce ke ɗauko jini daga zuciya zuwa ciki da ƙafafu. Bangonta yana da kauri, jinin cikinta kuma yana tafe da ƙarfi. Ta wajen dama ita ce ke mai da jini daga ƙafafu da mara zuwa zuciya, masana suna ce mata bena kaba ta ƙasa. Wannan bangonta siriri ne, jinin cikinta kuma a hankali yake tafiya. Ɗalibin da ya taɓa taya mahaifinsa noman rani a filayen da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa ya san bambancin bututun roba mai tauri da lallausan tiyon nan da ake shimfiɗawa daga bakin injin ban ruwa. A ɗora buhun taki a kan mai tauri, ruwa zai ci gaba da wucewa. A ɗora shi a kan tiyo, nan take sai ya lotse, ruwan da ke isa kwami ya koma ɗigo. To, haka mahaifa ke yi wa jijiyar komowar jini idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine.

Zuciya ba ta iya tura jinin da bai komo mata ba. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan suka auna mata masu tsohon ciki da na'urar ɗaukar hoto ta maganaɗisu, sau ɗaya suna rigingine, sau ɗaya suna kwance ta hagu. Suka tarar a rigingine jinin da ke bi ta wannan jijiya ya ragu da kimanin kashi 85 cikin ɗari, amma jinin da zuciya ke fitarwa ya ragu da kimanin kashi 16 kawai. Dalilin wannan tazara shi ne jiki yana da ƙananan jijiyoyi a gefen ƙashin baya waɗanda ke buɗewa su karɓi wani kaso na jinin, kamar yadda ruwa ke neman ƙananan magudanai idan babbar ta toshe. Sai dai ba kowace mace ce ƙananan nata ke wadatarwa ba. Tun a shekarar 1953 likitoci a Amurka suka bayyana cewa wajen mace ɗaya cikin goma takan ji jiri da tashin zuciya da gumi idan ta yi 'yan mintoci a rigingine, kuma da ta juya ta gefe sai abin ya wuce. Saboda haka ne a ɗakin tiyata, in za a ciro ɗa, aka daɗe ana ɗan karkata uwar zuwa hagu ko a cusa mata weji a ƙarƙashin ƙugun dama.

Uwa takan ji jiri ta juya. Ɗan da ke ciki kuwa ba ya da bakin faɗa. Duk abincinsa da iskar oksijin da yake rayuwa da ita daga jinin uwa suke zuwa ta mabiyiya, kuma gab da haihuwa jinin da ke ratsa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti. Ɗa mai ƙoshin lafiya yakan jure ragin na ɗan lokaci. Wanda mabiyiyarsa ta riga ta raunana, ko dai saboda hawan jini ko saboda zazzaɓin cizon sauro, shi ne abin ji.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2011 wata ƙungiyar masana a Okland ta tambayi mata 155 waɗanda 'ya'yansu suka zo babu rai a ƙarshen ciki, da wasu 310 masu ciki lafiyayye, yadda kowace ta kwanta. Sakamakon ya nuna alaƙa tsakanin yanayin kwanciya da rasa ɗa. A 2013 aka sami makamancin wannan a Asibitin Koyarwa na Korle Bu da ke Akara ta ƙasar Gana, sannan a Ingila a 2017. A 2019 aka tattara bayanan irin waɗannan bincike wuri guda, na mata 851 da suka rasa ɗa da 2,257 da ba su rasa ba. Aka tarar cewa daga mako na 28, macen da ta fara barci a rigingine haɗarinta ya ninka na mai kwanciya ta hagu fiye da sau biyu da rabi.

Wani abu da wannan tattarawa ta fito da shi ya shafi mutanen wannan yanki kai tsaye. An daɗe ana gaya wa masu ciki cewa hagu kaɗai za su kwanta, alhali Musulmi ya tashi da sanin cewa kwanciya ta dama ita ce sunna. Mata da yawa sukan shiga ruɗu a kan wanne za su bi. To, binciken bai sami bambancin haɗari tsakanin dama da hagu ba. Rigingine ita ce abin gudu. Mai ciki tana iya fara barcinta ta dama hankali kwance, in ƙugu ya gaji ta koma hagu.

Ya kamata ɗalibin kimiyya ya lura da raunin irin wannan bincike. Ya dogara ne ga abin da mace ta tuna, kuma uwar da ke cikin baƙin cikin rashi ba lalle ta tuna daidai da wadda take jiran haihuwa cikin murna ba. Wani babban bincike a Amurka, na mata fiye da 8,000, bai ga wata illa ga kwanciyar rigingine ba har zuwa mako na 30. Saboda haka maganar ta watanni ukun ƙarshe ce, mai ƙaramin ciki ta kwanta yadda ta ga dama. Duk da haka hujjar ta ishi hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, wadda a 2021 ta shawarci masu ciki su guji fara barci a rigingine bayan mako na 28, ta kuma ambaci matashin kai a matsayin abin da zai taimaka.

Aikin matashin kai

A nan ne amfaninsa ya fito. Matashin kai ba magani ba ne, tokari ne. Wanda aka sa a bayan mace, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana tare ta idan ta tashi mirginawa cikin barci. Ko da ta jingina a kansa, jikinta zai tsaya a karkace, nauyin mahaifa ya zame daga kan jijiyar.

Na tsakanin gwiwoyi aikinsa dabam ne. A lokacin goyon ciki jiki yana sakin wasu sinadarai, irin su rilaksin da furojestaron, waɗanda ke sassauta igiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu, domin ɗa ya sami hanyar fita. Idan mace ta kwanta ta gefe, ƙafar sama takan faɗo gaba ta murɗa ƙugun da ya riga ya saki, ta kwana tana jansa. Da an raba gwiwoyin da abu mai kaurin kamar tafin hannu ɗaya ko biyu, sai cinya ta daidaita da ƙugu, jan ya ragu. Ɗan siririn da aka cusa ƙarƙashin cikin kuma yana ɗauke nauyin da ke rinjayar baya. An gwada irin wannan a ƙasar Ostireliya a shekarar 1989, inda mata 92 suka kwana mako guda da wejin ciki, mako guda da matashin kai na yau da kullum. Dukansu biyu sun taimaka, amma wejin ya fi rage ciwon baya.

Shi kuwa ƙwannafi, furojestaron ne ke sassauta bakin tumbi, mahaifa kuma ta turo shi sama, sai ruwan tsami ya hauro maƙogwaro. Ɗaga kai kaɗai ba ya hana shi, sai an ɗaga har da kafaɗu. Kwanciya ta hagu ma tana rage shi, haka nan cin tuwon dare da wuri.

Ba a san wani bincike da ya nuna cewa matashin kanti ya fi na gida kare ɗan da ke ciki ba. Hasali ma, wata ɗamara da aka ƙera musamman domin hana rigingine, da aka gwada ta a kan mata 200 a Korle Bu, ba ta kawo wani bambanci na a zo a gani ba a nauyin jariran da aka haifa. Abin da ake bukata ana samunsa a ɗaki: matashin kai biyu ko uku, ko tsofaffin zannuwa da aka naɗe tamau, ko bargo da aka ninka. Zamfara ƙasar auduga ce, kuma kowane tela a kasuwar Talata Mafara zai iya ɗinka doguwar jaka ta yadi a cusa mata auduga. Audugar rimi ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta saurin shan laima, sai dai tana kama wuta kamar fetur, don haka a nisanta ta da fitila da maganin sauro na kunnawa. A riƙa shanya matashin a rana saboda ƙura da kuɗin cizo. Mai kwana a tabarma ta fi kowa bukatar ninkakken zane a ƙarƙashin ƙugu, domin nauyinta duka a kan ƙashi ɗaya yake sauka.

Babban na kanti mai siffar U ma yana da nasa cikas a nan.  A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, zaren roba da aka cusa masa zai kewaye mace da gumi ta gaba da baya. Sannan yana cin wuri a cikin gidan sauro, ya tura hannu ko ƙafa su manne da raga, ko ya zare bakin ragar daga ƙarƙashin katifa. A garuruwan da ke kewaye da fadamun shinkafa na Bakolori, inda ruwa ke kwance rani da damina, duk abin da zai buɗe gidan sauro ya fi rashin barcin illa, domin ƙwayar zazzaɓi takan taru a mabiyiya ta tauye girman ɗa.

Iyakar abin da zai iya

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 jarirai kimanin 171,000 ne suka zo babu rai a Nijeriya. Masu tattara binciken da aka ambata sun lissafa cewa a ƙasashen da aka yi shi, gyara kwanciya zai iya hana kusan kashi 6 cikin ɗari na mutuwar ɗa a ƙarshen ciki. Kaso ne ƙarami, amma samunsa ba ya cin kwabo. Manyan musabbabai a Afirka kudu da Sahara su ne doguwar naƙuda, da hawan jini, da zazzaɓin cizon sauro, da tunjere, kuma kusan rabin mace-macen a lokacin naƙuda suke aukuwa. Waɗannan sai awon ciki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau takwas, da shan maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau uku, da haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma. Kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zubar jini, ko raguwar motsin ɗa, babu ɗayansu da gyara shimfiɗa ke magancewa. A ƙauyukan da rashin tsaro ya sa fita da dare ta zama kasada, ya fi kyau maigida ya kai ta asibiti da rana tun alamar tana ƙarama.

Macen da ta farka tsakar dare ta tarar da kanta a rigingine kada ta firgita. Kowa yana juyi cikin barci, kuma abin da aka auna a binciken shi ne yanayin da aka fara barci da shi, domin a cikinsa aka fi daɗewa. Ta juya ta gefe, ta gyara tokarinta, ta koma barci. Ƙa'idar ta haɗa da barcin rana.

Bayan haihuwa kuwa hukuncin juyawa yake yi. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, kuma a kwashe duk matasan kan da uwar ta yi amfani da su daga kusa da shi, domin jaririn da fuskarsa ta nutse a cikin abu mai laushi ba ya da ƙarfin wuyan da zai ɗago ta.