Idan Gashin Karenka Yana Zuba

Ya ɗan'uwa manomi, karen da ke gidanka ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke da dare. Shi ke tsaron rumbu da garkar albasa. A karkarar Alela, da Ƙonni, da Malbaza, da Illela, mafarauta da makiyaya sun san amfaninsa. Amma sau da yawa ba a duban jikinsa sai ya rame, gashi ya kakkaɓe, yara sun fara jifarsa. To ka sani, zubar gashi iri biyu ce. Akwai ta lafiya, akwai ta ciwo. Ta ciwon kuwa tana iya shiga gidanka, ta taɓa ƴaƴanka.

Zubar da ba ta da laifi

Kowane kare yana canza gashi. Tsohon gashi ya faɗi, sabo ya tsiro. An fi ganin haka idan ɗari ya wuce, bazara ta shigo. Karya ma takan zubar da gashi sosai wata ɗaya zuwa uku bayan ta haihu, saboda shayarwa ta ja jikinta. Alamar wannan zubar ita ce: gashi yana fita ko'ina daidai wa daida, fata tana nan sumul, kare yana cin abinci, ba ya yawan susa.

Wannan ba ya bukatar magani. Ka sami tsohon soso ko jiƙaƙƙen tsumma, ka ware shi don kare kaɗai. Ka riƙa goge masa jiki daga wuya zuwa wutsiya, sau biyu a mako. Ka yi aikin a waje, nesa da randa da madafa. Ka tara gashin ka ƙone, sa'an nan ka wanke hannu da sabulu.

Zubar da ke nuna ciwo

Idan ka ga gashi yana fita wuri-wuri, fata ta fito fili, to, ka tsaya ka duba da kyau. Abubuwa huɗu sun fi kawo haka.

Na farko, ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani. Macen tana haƙa rami cikin fata, ta yi ƙwai. Cikin mako biyu zuwa uku ƙwan ya zama babban ƙwaro, shi ma ya hayayyafa. Takan fara daga gefen kunne, da gwiwar ƙafar gaba, da ciki. Kare yana susa dare da rana, fata ta yi kauri, ta yi ɓamɓaroki. Kare yana ɗaukarta wajen ɗan'uwansa. Mutumin da ke taɓa shi ma yana iya samun ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki.

Na biyu, makero. Shi yana fitowa a kewaye kamar kwabo, gashin wurin ya kakkarye. An fi ganinsa jikin kwikwiyo, kuma yana iya kama yaron da ke wasa da shi.

Na uku, ƙuma da kaska. Macen ƙuma takan yi ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma yana zuba a makwancin kare. Kaskar kare idan ta ƙoshi da jini sai ta sauka, ta shiga tsagar katanga, ta yi ƙwai dubbai. Ka duba cikin kunne, da tsakanin yatsu, da gindin wutsiya.

Na huɗu, yunwa da tsutsar ciki. Karen da ba ya samun kome sai ƙanzo da ruwan dusa, gashinsa yakan bushe, ya yi ta faɗuwa.

Abin da ba a yi

Kada ka shafa masa baƙin man mota ko kananzir. Suna ƙona fata, kuma kare zai lashe su, su zama guba a cikinsa. Kada ka fesa masa maganin ƙwarin wake ko na albasa. Wannan maganin na gona ne, yana ratsa fata, yana iya kashe karen, ya kuma cuci mai fesawa. Kada ka kore shi daji, domin zai kai ciwon ga karnukan maƙwabta.

Abin da za ka yi

Ka ware shi a inuwa, ka hana yara taɓa shi. Ka kai shi wajen malamin dabbobi. Akwai ma'aikatar kiwo a Birnin Ƙonni, da Malbaza, da Illela, akwai kuma mataimakansu da ke zagaya ƙauyuka da kasuwanni. Malamin zai duba, ya gane wace cuta ce, domin maganin ƙazuwa ba ya warkar da makero.

Ga ƙazuwa akwai allurar ibamektin, wadda aka fara sayarwa don dabbobi a shekarar 1981. Makiyaya sun san ta wajen shanu da awaki. Amma ka yi hattara. Awon sa daban, awon kare daban. Da nauyin jiki ake auna ta, kuma idan ta yi yawa tana iya kashe kare, balle kwikwiyo. Bari malamin ya yi da kansa. Allura ɗaya ba ta isa ba, domin ba ta kashe ƙwai. Akan sake bayan mako biyu, wani lokaci har sau uku. Ko ka ga susa ta ragu, ka koma ranar da aka sa maka. Idan karnuka biyu gare ka, a yi musu tare.

Ka ƙone tsohon buhun da yake kwana a kai. Ka share wurin, ka liƙe tsagar katanga da laka. Ka ƙara masa abinci: tuwo da ɗan nono, da guntun nama ko kayan ciki da aka dafa. Kada ka ba shi albasa, ɗanya ko dafaffa, domin tana lalata jinin kare. Ka ajiye masa ruwa mai tsabta a kaskonsa kullum. Gashi ba ya komowa a kwana ɗaya. Ka ba shi wata ɗaya zuwa biyu.

Tun da ka je wajen malamin, ka nemi a yi wa karen rigakafin cutar haukan kare. Zubar gashi ba alamar hauka ba ce, amma tafiya ɗaya ta biya maka bukata biyu. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi gidan likita a ranar.

Ɗan'uwa, ka karanta wa maƙwabcinka wannan, wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Gobe da safe, kafin ka tafi gona, ka duba kunnen karenka da cikinsa. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya ba mu damana mai albarka.