Jos: Me Ya Sa Ake Kiranta Garin Sanyi da Kuza?

Duk lokacin da aka yi maganar farashin tumatir, ko haƙar ma'adinai, ko yawon buɗe ido, sai sunan Jos ya fito a labarai. To wane irin gari ne?

Jos ita ce babban birnin Jihar Filato tun 1976. Tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma kogin Dilimi ya ratsa ta. Wannan tsayi ne ya ba ta sanyi. Damina kan fara a Afrilu ta kai Oktoba, a Disamba da Janairu kuwa hunturu yakan yi tsanani.

Kuza, wato ma'adinin da ake shafe gwangwani da shi, ita ce ta gina garin. Turawan mulkin mallaka sun fara haƙarta a farkon ƙarni na 20, Hausawa da Ibo da Yarabawa suka kwararo neman aiki. Da kasuwarta ta faɗi, noma ya ƙara ƙarfi. Dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas na lambunan bakin Dilimi, suna cika kasuwar Farin Gada kafin motoci su kai su kudu da arewa.

Baƙo kuma yana da abin kallo: Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, mai ɗauke da gumakan yumɓu na Nok, da duwatsun Shere da na Riyom, da gangaren ruwan Assop.

Manomi da ɗan kasuwa da mai masauki duk abu ɗaya suke buƙata, wato zaman lafiya. Wajibi ne mu kiyaye shi.