Ciwon Damuwa: Cutar da Ake Yi wa Kallon Lalaci

A gidaje da yawa akwai wanda ake cewa "ya canza". Ɗan kasuwar da kan buɗe shago tun da sassafe, yanzu sai rana ta take yake fitowa. Mai jegon da aka sha shagalin sunan ɗanta, ga ta zaune hawaye na zuba, ita kanta ba ta san dalili ba. Nan da nan sai a yanke hukunci: son jiki ne, ko sammu, ko rashin tawakkali. Alhali sau da yawa ciwon damuwa ne, cuta da likitoci suka sani, kuma tana da magani.

Baƙin ciki kowa na yi, ya zo ya wuce. Ciwon damuwa kuwa zama yake yi. Idan mutum ya kai mako 2 kusan kullum cikin ƙunci, ko abin da a da yake faranta masa rai ya fita daga ransa, sannan barci da cin abinci suka rikice, ga kasala, ga ganin kansa ba shi da amfani, to ya kamata likita ya duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na manya suna fama da shi, kuma ya fi yawa ga mata. Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego yana taɓa su.

Nauyinsa a ƙananan abubuwa yake bayyana. Wanka ya zama aiki. Waya na ringi, mutum na kallonta, ya kasa ɗauka. Uwar gida ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta kama. A daina zuwa biki da suna da gaisuwar rasuwa, dangi su ce girman kai ne, zumunci ya yi sanyi daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Wasu kuma a jiki suke jin abin: ciwon kai, faɗuwar gaba, ciwon gaɓoɓi. Sai su yi ta zarya kemis, ana ba su maganin maleriya da taifod, ba sauƙi.

Dalilinsa ba ɗaya ba ne. Akwai gado, akwai rashin makusanci, mutuwar aure, karayar arziki, doguwar jinya, da tashin hankalin da ya raba dubban iyalai da garuruwansu a Borno da Zamfara. Yana kama mai kuɗi, yana kama malami mai yawan ibada.

Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da ƙwararre, da ƙwayoyi irin su fluoxetine da amitriptyline, waɗanda likita ne ke rubuta su. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma ana ci gaba da sha na wasu watanni bayan an samu sauƙi, don kada ciwon ya dawo. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau. A 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan larura ba sa samun kulawa, saboda ƙarancin likitoci da tsoron a kira mutum mahaukaci.

Wannan tsoron a gida ake karya shi. "Ki yi haƙuri, kowa da damuwarsa" ba ta warkarwa. A zauna a saurara, a rage wa mara lafiya aiki, a yi masa addu'a, a kuma raka shi asibiti, domin neman magani bai kore tawakkali ba. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauke ta maganar fatar baki: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.