Daga Kazaure Zuwa Tafadek: Ruwan Zafi A Tsakiyar Hamada

Wanda ya tashi a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ya san ruwan ƙasa da sanyi: a rijiya ake jawo shi, a randa ya ƙara hucewa. To amma in ka bi hanyar Daura, ka tsallaka iyaka a Kongolam, ka wuce Matamaye da Damagaram, ka miƙe arewa ta Tanut har Agadas, akwai wani ƙauye a gindin duwatsun Azbin, tafiyar kusan kilomita 80 daga birnin, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa da zafinsa ba wanda ya hura masa wuta. Sunansa Tafadek. Mutanen Babura ma ba sai sun zagaya ta Daura ba, ta Babban Mutum suke faɗawa Magarya.

A shekarun 1970 da 1980, Turawa masu yawon buɗe ido sun saba da wannan yanki. Suna tahowa cikin motocin kwana, masu gado da murhu da tankin ruwa a ciki, su sauko daga Tamanrasset ta Aljeriya, su shigo Nijar ta Asamaka da Arlit. Inda dare ya yi musu, nan ne masauki. Tseren motoci na Faris zuwa Dakar ma ya sha ratsa Agadas. Tawayen Abzinawa na 1990, da wanda ya biyo baya a 2007, da sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit cikin Satumbar 2010, su suka tsinke wannan zirga-zirga.

Sai dai Tafadek bai zama kufai ba, don tun farko ba Turawan ne ainihin baƙinsa ba. Masu sanyin ƙashi ne, da masu ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata, waɗanda ke zuwa su yi kwanaki suna wanka. Su ma da gidansu suke tafe: tabarma, bargo, garin fura, gawayi da butar shayi, duk a ɗaure bayan mota. In an duba da kyau, tsarin fatake ne na da, lokacin da madugu ke gaba, ayari na biye, ana yada zango inda aka sami ruwa. Raƙumi ne kawai ya ba mota wuri.

Daga ina zafin yake fitowa? Ba daga rana ba, ko da yake mutum zai iya zaton haka a hamada. Cikin ƙasa zafi gare shi, kuma yana ƙaruwa da zurfi: a mafi yawan wurare, kowace kilomita ɗaya da aka nutsa, ana samun ƙarin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyas. Ɗan ruwan saman da ke sauka a kan duwatsun Azbin yana bin tsagogin dutse ya gangara can ƙasa, ya daɗe yana ɗumama, yana narkar da gishiri-gishirin da ke jikin dutsen. Idan ya sami wata tsaga mai miƙewa sama, nauyin ruwan da ke bayansa ya turo shi, sai ya fito kafin ya huce. Rijiyar burtsatse a ƙasarmu kuwa 'yan mitoci goma-goma take nutsawa, ba ta kai inda zafin yake ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne zumuncin duwatsun. Masana ƙasa sun gano jerin tsofaffin duwatsun da aman wuta ya haifar, wanda ya taso daga Azbin, ya bi ta Damagaram, ya ratsa Dutse a nan Jigawa, har tsaunukan Jos. Na arewa su ne yayye, na kudu ƙanne. Iyakar Kongolam ba ta san da wannan ba.

Maganar magani kuwa, a nan nake so mu tsaya. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage raɗaɗin gaɓa, wannan gaskiya ne. Amma ba ya warkar da shanyewar ɓarin jiki, ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini. Hasali ma daɗewa a cikinsa na iya sauke jini farat ɗaya, mutum ya ji jiri ya faɗi. Mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi, su ga likita kafin su ɗaure kaya. Yana ɓata mini rai in ga an sayar da akuya an kai tsoho tafiyar kwana biyu, alhali gwajin da yake bukata yana asibitin garinsu.

Hanyar ma ba ta da sauƙi. Tsakanin Damagaram da Agadas kaɗai ya haura kilomita 400, ga shingayen jami'an tsaro, kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyakar ta kasance a rufe har Maris na 2024. Wanda ke son ya ji ɗumin ƙasa a jikinsa ba tare da wannan wahala ba, akwai Wikki a dajin Yankari na Bauchi, inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin dutse a kan digiri 31, rani da damina, lita miliyan 21 a kowace rana, ya gangara kogin Gaji.