Laburaren Firamare: Ɗakin Karatu Kuma Maƙera

Duk wanda ya zaga unguwannin Samaru, Hayin Dogo, Muciya ko cikin Sabon Gari bayan an gama girbi, ba zai rasa ganin yara suna jan motocin da suka ƙera da karan dawa ko langa-langa ba, da tayoyin da suka yanko daga tsohon silifas. Babu wanda ya koya musu wannan a aji. Sai dai da yawa daga cikinsu, da zarar an miƙa musu littafi sai jikinsu ya yi sanyi, domin sun ɗauki karatu a matsayin haddar cin jarrabawa kawai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda laburaren makarantar firamare zai haɗa littafi da wannan basirar hannu, kowanne ya ƙarfafa ɗan'uwansa.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan kuma Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya bayyana wa ɗalibai sha'anin halittu da Hausa. A 1965 aka yi taro a Kano wanda ya aza harsashin Shirin Kimiyya na Firamare na Afirka, shirin da ya dogara kan barin yaro ya gwada abu da hannunsa, da kayan da ke kewaye da shi. A farkon shekarun 1970 kuma, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da tallafin UNICEF da UNESCO, ta gudanar da Shirin Inganta Ilimin Firamare a jihohi shida na Arewa na wancan lokaci bisa irin wannan tafarki.

Rawar da laburare kansa yake iya takawa kuwa, wani yaro a ƙasar Malawi ya nuna ta. William Kamkwamba ya bar makaranta saboda yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 2001 zuwa 2002 ta hana iyayensa biyan kuɗin karatu. Sai ya riƙa zuwa ƙaramin laburaren makarantar firamare ta Wimbe, inda ya tarar da wani littafi mai suna Using Energy, da hoton injin iska a bangonsa. Turancinsa bai yi ƙarfi ba, don haka ya riƙa bin zane-zane yana lalubo ma'anar kalmomi. A 2002, yana ɗan shekara 14, ya haɗa itace da tarkacen keke da fankar tarakta ya ƙera injin da ya kunna fitila a gidansu. Buƙatar ƙira ce ta sa ya dage da karatu, karatun kuma ya gyara masa ƙirar.

Yadda Ake Tafiyar da Zaman

Zaman yana da matakai uku. Da farko a karanta shafi ɗaya ko biyu a bayyane, a fitar da tambaya guda daga ciki. Daga nan yara su kasu rukuni-rukuni, huɗu ko biyar, su ƙera abin da zai amsa tambayar. A ƙarshe kowane rukuni ya zana abin da ya yi, ya rubuta sakamakonsa, a ɗinke takardun a ajiye su a kan kanta tare da sauran littattafai. Ga misalai biyu.

Na farko shi ne tukunya cikin tukunya. Bayan an karanta bayanin dalilin ruɓewar tumatir, sai a tambayi yara: yaya za a adana shi ba tare da firji ba? A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana kuma tafiya da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jikin mutum. Zafin da ake buƙata a mai da lita ɗaya ta ruwa tururi ya ninka wanda zai kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar. Idan sanyi ya samu, bakteriya da fumfuna ba sa yaɗuwa da sauri, numfashin ɗan tumatir ɗin kansa ma yana raguwa, sai ya daɗe. Wannan ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, har ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Yara su riƙa rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna a ciki da waje safe da rana. Idan suka kwatanta watan Maris da watan Agusta, za su ga tukunyar ta fi aiki lokacin da iska take a bushe, tambayar dalilin haka kuwa ita za ta mai da su ga littafi.

Na biyu shi ne gadar kara. A karanta labarin layin dogon da ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, wanda a gefensa Sabon Gari ya tashi, a kuma dubi hotunan gadojin ƙarfe. Sai a ba kowane rukuni karan dawa goma da zare, su haɗa gada tsakanin bencina biyu. A rataya mata gwangwani, a riƙa zuba tsakuwa ana ƙirgawa har ta karye. Za su gano da kansu cewa murabba'i yana karkacewa idan aka danna shi, alwatika kuwa, wato siffa mai kusurwa uku, ba ta sauya fasali sai an karya ɗaya daga cikin sandunanta. Idan aka tsaga karan za su ga bawo mai tauri a waje da totuwa marar nauyi a ciki, tsarin da yake ba shi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Bututun firam ɗin keke ma a kan wannan ƙa'ida aka yi shi.

Kammalawa

Wannan aiki ba ya jiran ginin zamani. Akwatin littattafai ɗaya, da teburi, da kwali na biyu mai ɗauke da zare, rula, almakashi da ma'aunin zafi sun isa a fara, kuma akasarin kayan ana samun su a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru. Sharaɗi ɗaya shi ne reza da wuƙa su zauna a hannun malami, kuma kada a kusanci wutar lantarki ta gida. A kuma tabbata 'yan mata suna riƙe kayan aiki kamar yadda maza suke riƙewa.

Kira na musamman ga malamai da ɗaliban sakandare, musamman 'yan ƙungiyoyin kimiyya: ku zaɓi makarantar firamare ɗaya kusa da ku, ku nemi izinin shugabanta, ku ba ta awa ɗaya a mako. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da gadarsa ta karye, ya koma shafin littafi da kansa don neman dalili, ya kama hanyar da masana kimiyya da injiniyoyi suke bi a aikinsu na yau da kullum.